Hawan Sallar Kano: Wa Ya Rina Rawanin?

A watan Disamba na 2024, a wani taro da aka yi a birnin Asuncion na ƙasar Paraguay, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigar da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ta ce gadon 'yan Adam ne baki ɗaya. Gidajen rediyo suka yi ta shela, manya suka yi ta taya juna murna. Mu ma mun yi farin ciki, domin ba ƙaramin abu ba ne a ce abin da kakanninmu suka ƙago ya kai wannan matsayi. Amma da ƙura ta lafa, sai mu ɗalibai 'yan kudancin Kano, watau 'yan Madachi da Rano da Kibiya da maƙwabtansu, muka ga akwai wata tambaya da ta kamata a yi. Idan hakimi ya fito bisa ingarma ran Hawan Daushe, rawaninsa ɗan kura yana walƙiya cikin hasken la'asar, babu wanda bai san sunansa ba, da sarautarsa, da sunan ubansa da na kakansa, domin ga maroƙi nan gaba yana ta jero su. To, wa ya rina rawanin? Wa ya buge shi har ya yi wannan ƙyalli? Wa ya duƙa wata da watanni yana ɗinka aska takwas a ƙirjin rigar?

'Yan'uwa ɗalibai, kada a ɗauka wannan tambayar masu neman magana ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ya buɗe idonsa sosai ya san cewa abin da ke wucewa gabansa ya fi ƙarfin a kira shi sukuwar dawaki kawai. Kowane doki guda ɗauke yake da aikin masu sana'a fiye da goma. Maƙeri ya ƙera likkafa da linzami. Majemi ya jeme fata, baduku ya yanka ya ƙawata ta, ya fitar da ragama da kayan ƙirji. Masassaƙi ya sassaƙa sirdi. Maɗinki ya cusa auduga cikin lifidi, wani ya zauna ya yi wa jalala ado da zare mai launi. A jikin mahayin kuwa ga aikin macen da ta yi kaɗi da mazari, ga na masaƙi, ga na marini, ga na mabugi, ga na mai zanen riga wanda sau da yawa malami ne ko almajiri mai kyan hannu, sa'an nan ga na mai allura. A gefe guda ga kakaki da algaita da tambari da kotso, kowannensu akwai wanda ya ƙera shi kafin a sami wanda zai busa ko ya kaɗa. A ƙasashen Turai akan gina babban ɗaki a rataya zane-zane a jikin bango, mutane su biya kuɗi su shiga kallo. Mu namu ɗakin ba shi da bango, da ƙafafu huɗu yake tafiya, sau biyu yake buɗewa a shekara, da ƙaramar Salla da babba, kuma talaka da basarake duk kyauta suke kallo.

Abin ya daɗe. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara dawakin zage, da kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. A lura da wannan da kyau: mutum guda ne ya tsara alfarmar fada ya kuma kafa kasuwa. Ba mu tsammanin katari ne. Alfarma ba ta yiwuwa sai da kaya, kaya kuwa sai da masu yinsu da wurin sayar da su. Hawa da kasuwa tagwaye ne tun ran haihuwarsu.

Kalmar nan ta "daba" da ake yawan ji yanzu baƙuwa ce. Daga Indiya Turawan Ingila suka ɗauko ta, inda suka saba tara sarakuna su yi musu mubaya'a a fili. Gwamna Lugga ya tara sarakunan Arewa a Kano a farkon 1913, aka sake yin irin wannan a 1925 don Yariman Ingila, sa'an nan a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, da kuma 1977 lokacin bikin FESTAC. Waɗannan duka taruka ne na gwamnati, ana yi a watse. Hawan Salla shi ne na gida, mai dawowa kowace shekara da tsarinsa: ran Idi, sai Hawan Daushe inda Sarki kan je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, sai Hawan Nassarawa, sai na Ɗorayi ko Fanisau. Shi ne ya riƙa ciyar da masu sana'a shekara da shekaru, domin ba hakimin da zai yarda ya shigo birni da kayan bara sun koɗe alhali takwaransa ya yi sabo.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne wajen baba. A cikin labarin Bayajidda da muka koya tun muna firamare, an ce da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Katsina da Daura suka zama sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi, Kano da Rano kuwa sarakunan baba. Masana tarihi suna da ja a kan labarin kansa, wannan kuwa aikinsu ne. Amma ko tatsuniya ba ta ba gari kirarin abin da ba a san shi da shi ba. Ƙasar da ta tashi daga Kura ta bi ta Bunkure da Rano har zuwa Dal ƙasar marina ce, kuma sunan rawanin da muke magana a kai ma shaida ne, don ba a ce masa ɗan birni ba, ɗan kura aka ce. Baƙo idan ya zo Kano akan kai shi marinar Ƙofar Mata ya ɗauki hoto, a gaya masa tun 1498 take. Madalla. Sai dai ba a cika gaya masa cewa yawancin rinin da ya ɗaukaka sunan Kano a duniya a garuruwa da ƙauyukan karkara aka yi shi ba.

Bari mu ɗan tsaya kan aikin kansa, don da yawa daga cikinmu mun iya bayanin yadda ake haɗa sinadari a ɗakin gwaje-gwaje amma ba a taɓa koya mana wannan a aji ba. Manomi ne ke fara shuka baba, ya yanke ta, a sarrafa ganyen a shanya. Marina rami ce mai zurfi, takan fi tsayin mutum nesa, an shafe cikinta da laso don kada ta sha ruwa. Lason nan ma daga marinar yake fitowa: katsin da ya kwanta a gindin rami shi ake kwashewa a ƙona, a haɗa da gashin da majema suka kankare da ruwan dafara, ya zama siminti. Watau sharar sana'a guda ita ce jarin wata. Sai a zuba ruwa da baba da toka da katsi, a bar su kwana da kwanaki suna ruɓa, ana motsawa da muciya, har marini ya duba kumfa ya sansana ya ce ta nuna. Ba shi da ma'aunin zafi, ba shi da littafi, ido ne da hanci da abin da ubansa ya nuna masa. In ya tsoma zane ya ɗaga, da fari kore-kore zai fito, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a kan idonka. A tsoma, a ɗaga, a tsoma, a ɗaga, har ya yi baƙi wuluk. Daga nan sai mabuga, inda za a barbaɗa shuni a shimfiɗa zanen bisa gungume, mutane su yi layi suna dukansa da mabugai, sautin yana tashi tamkar kiɗa, har ya ɗauki ƙyallin nan kamar na ƙarfe. Shi ne Buzaye ke saye da tsada su naɗa, shunin yana zuba a fatarsu, har Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutanen hamada.

Baturen nan na Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma ce ana samunsu har Tarabulus da Timbuktu da gaɓar Tekun Atlantika. Kafin shi, a 1824, Hugh Clapperton na Birtaniya ya zauna a Kano ya rubuta abin da ya gani a kasuwa. Akwai abu guda a cikin bayaninsa da ya dace kowane ɗalibi ya riƙe. Ya ce idan mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kano ya tafi da shi a naɗe har Barno, ya buɗe ya tarar da algus, yana iya komo da shi a biya shi kuɗinsa, domin a cikin kowane ƙunshi akwai sunan dillalin da ya sayar a rubuce. Wannan abin alfahari ne, don ya nuna kasuwarmu ta san amana da rubutu tun kafin zuwan Turawa. Amma a duba sunan wa aka rubuta. Na dillali. Masaƙi da marini da mabugi, waɗanda hannuwansu suka yi baƙi a kan zanen, ba su shiga takardar ba. Shekara 200 ke nan, kuma har gobe haka abin yake.

Don mu ga abin da rashin suna ke jawowa, sai mu leƙa wani babban birni mai irin wannan tarihi, watau Landan. Su ma sun yi kasuwannin shekara-shekara masu haɗe da wasanni da shagali. Mafi girma ita ce wadda ake kira Bartholomew, da aka fara a 1133 a unguwar Smithfield. Abin sha'awa, ita ma kasuwar tufafi ce tun asali, masaƙa da fatake daga ko'ina cikin Ingila nan suke haɗuwa a watan Agusta. Sannu a hankali masu wasa da dabbobi da 'yan dabo da 'yan kama suka rinjayi masu tufafi, har hukumar birnin ta gaji da rigingimunta ta kashe ta a 1855. Yau in ka je wurin ba za ka ga rumfa ko ɗaya ba. Duk da haka ɗan makarantar Ingila yana iya gaya maka abin da ake ci a kasuwar, da irin zambar da ake yi, da yadda masu talla ke kira, saboda wani marubuci Ben Jonson ya yi wasan kwaikwayo a kanta a 1614. Haka wata kasuwar ta Southwark, wadda aka hana a 1762, tana nan a zanen da William Hogarth ya yi a 1733. Har ma a shekarun da sanyi kan yi tsanani kogin Tems ya daskare, sukan kafa kasuwa a bisa ƙanƙarar. A ta ƙarshe, a 1814, masu ɗab'i sun jawo injunansu kan kogin, kowa ya biya 'yan kuɗi a buga masa sunansa a ƙaramar takarda don tunawa. Kogin ya narke cikin 'yan kwanaki, takardun suna nan a gidajen adana kayan tarihi.

A Faris ma haka. Daga rumfunan 'yan wasa na kasuwannin Saint-Germain da Saint-Laurent aka sami wani irin wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe wanda ya kafu da gidansa tun 1714, kuma zanen da Georges Seurat ya gama a 1888 na masu busa a ƙofar rumfar wasa yana rataye a birnin New York.

Ba mun kawo waɗannan don mu ce nasu ya fi namu ba ne. Wanda ya ga rigar saƙi mai aikin tsamiya da idonsa ba zai yi wannan maganar ba. Abin da muke so a gane shi ne bambancin inda fasahar take zaune. Su tasu ta fita daga cikin kasuwar ta koma kan takarda da allo, da sunan mai ita a gindi, shi ya sa kasuwa ta mutu fasahar ta rayu. Tamu kuwa a jikin bikin take. Ana sa ta, ana hawanta, gumi yana cinta, rana tana koɗar da ita, in ta tsufa a ba bara ko a yar. Ba ta da wurin zama sai a hannun wanda ya iya sake yinta. Ran da wannan hannu ya kwanta dama ba tare da ya koya wa wani ba, shi ke nan, ba littafin da za a buɗe.

Landan ɗin nan ma ta taɓa aron kayanmu ta yi ado da su. A babban bajekolin daular Ingila da aka yi a Wembley a 1924, an gina ganuwa irin ta biranen Hausa, aka kwaso masu sana'a daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma aka zaunar da su ciki suna saƙa da ƙira da dukanci, miliyoyin 'yan kallo suna wucewa. Yadda wasu jaridun Ingila suka yi ta yi musu ba'a ya ɓata wa ɗaliban Afirka da ke karatu a can rai har suka rubuta ƙorafi, kuma a shekara mai bi, 1925, aka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, da Ladipo Solanke a gaba. Ashe dai tsayawa don mutuncin mai sana'a tsohon aikin ɗalibai ne.

Wani zai ce, to ai hawan namu ma an zana shi. Gaskiya ne. Ben Enwonwu, mutumin Onica, ya zana hawan ƙaramar Salla na Kano a 1955, kuma a 2013 aka yi gwanjon zanen a Landan a kan sama da fam 190,000. Gani Odutokun, wanda ya koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har rasuwarsa a 1995, ya yi zane-zanen mahaya masu motsi kamar za su tsallako daga allon. Ba mu da komai a kansu sai yabo, sun ga abu mai kyau sun ɗauka, kuma ƙasar tasu ce kamar yadda take tamu. Amma mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa. An san wanda ya zana hoton rawani, an san shekarar, an san nawa aka saya. Wanda ya yi rawanin na ainihi, wanda ba don shi ba da babu abin zanawa, ko garinsu ba a sani ba.

Wani kuma zai ce mu Musulmi ne, zanen mai rai akwai maganar malamai a kansa, shi ya sa ba mu bi wannan hanya ba. Wannan fage ne na malamai, ba kuma shi muke nufi ba. Kakanninmu sun zuba hikimarsu a dagi da tambari da aska, a zanen bango da zankwaye, a zayyanar Alƙur'ani da gafakarsa, kuma babu abin da ya rage su da shi. Babu kuwa malamin da ya hana a rubuta sunan marini. Hasali ma mu ne mutanen isnadi: ɗalibin ilmi yana iya jero malaminsa da malamin malaminsa har zuwa mawallafin littafi. Me zai hana mai allura ya sami irin wannan salsala?

Inda aka riƙe suna, a duba amfanin da ya yi. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau ɗaliban fasahar gini suna nazarin bakan-gizonsa, kuma don an san shi ne ake iya bin sawun sauran gine-ginen da ake danganta masa. Ladi Kwali maginiyar tukwane ce kamar dubban mata a ƙasar Gwari, amma da ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja a 1954 aka fara sa sunanta a aikinta, sai ga ta a bayan takardar naira 20. Makaɗa kuwa sun fi kowa dabara. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata ba su jira wani ya rubuta su ba, kowannensu ya saka sunansa da kirarinsa cikin waƙarsa, ya ambaci 'yan amshinsa, sa'an nan faifai da rediyo suka adana. Marini ba shi da wannan dama, don shuni ba ya magana.

Da sana'o'in suna da ƙarfinsu na da, da sai mu ce a bar kaza cikin gashinta. To ba haka ba ne. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadari, mai araha da saurin kamawa, kuma sannu a hankali ya bi duniya ya kashe noman baba. Yadin kanti ya kori saƙar hannu. Daga baya masaƙun zamani na Kaduna da Kano, waɗanda suka maye gurbin masaƙan gargajiya, su ma suka durƙushe, babbar masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, kayan Sin suka cika Kantin Kwari. Aikin da mai allura kan yi wata uku yana yi, keken surfani yana gamawa kafin azahar. A yankinmu kuwa, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya buɗe, saurayin da zai gaji marina ya ga shinkafa da tumatir sun fi saurin kawo kuɗi, kuma ba wanda zai zarge shi, don ciki ba ya jiran tarihi. Yau in an ce Kura, yaro shinkafa zai fara tunawa. Tsofaffin karofi da yawa sun zama juji, wasu an cike su an yi gini a kai.

Abin da ya rage wa mai aikin hannu na ƙwarai shi ne fada da Salla. Shi ya sa duk shekarar da aka fasa hawa, kamar yadda aka yi a 2020 saboda annobar korona, da kuma babbar Sallar 2024 da ƙaramar Sallar 2025 da 'yan sanda suka hana saboda rikicin sarautar Kano, jaridu kan yi maganar baƙin da suka fasa zuwa da otal-otal da suka yi asara. Ba mu shiga rikicin manya ba, ba ma goyon kowa a wannan shafi. Muna dai tuna wa masu yanke shawara cewa akwai badukun da ya ci bashi ya sayi fata tun watan Sha'aban, akwai mai harawa da mai dawa a ƙauye da suka sa rai, akwai yaron da ake lallashi ya zauna ya koyi ɗinkin lifidi wanda zai duba ya ga ba ciniki ya tafi acaɓa. Hakimi zai hau baɗi in Allah ya kai mu. Yaron nan ba zai komo ba.

A nan ne muke ganin takardar UNESCO ba ta isa ba ita kaɗai. Za a iya ci gaba da hawa shekara ɗari nan gaba da rawanin leda, da jalalar inji, da alkyabbar da aka ɗinko a wata nahiya, daga nesa hoton ya fito daidai, baƙi su tafa. Wanda ya san abin ne kawai zai gane cewa ɓawon ya rage.

Rano tana da dama a wannan al'amari wadda birni ba shi da ita. Shekaru masu yawa Sarkin Rano, Autan Bawo, yana shiga Kano da jama'arsa a jerin hakimai, mahaya da dawaki daga garuruwanmu suna ƙara wa hawan birni kwarjini. A 2019 aka ɗaga Rano ta zama masarauta, a watan Mayu na 2024 aka rushe, a watan Yuli na shekarar aka maido ta a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Kowa da ra'ayinsa game da wannan kai-da-kawo. Amma ko ta wace fuska aka duba, ƙaramar masarauta ta fi sanin mutanenta. Dagacin Madachi ya san gidan da aka yi rini a garinsa, mai unguwa ya san tsohuwar da ta iya kaɗin zare mai laushi. Ba zai gagara ba a ce ran hawa a Rano, bayan sanƙira ya gama kirarin mahayi, ya ƙara da cewa sirdin nan aikin wane ne na gari kaza, rigar kuma ɗinkin wane. Numfashi guda ne zai ƙara. Amma mai sana'ar da aka ambata a gaban Sarki da jama'a, ɗansa zai fara kallon allurar da wani ido, masu saye kuma za su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba sai ta hannun dillali ba.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, musamman na ƙananan hukumomi, kuna da hannu a abin da ake saye. Kowace shekara ana bajekoli a Kano a filin da ke Titin Gidan Zu, ana kai kayan karkara a jera a rumfa. Abin da muke roƙo ƙarami ne: kowane kaya a liƙa masa takarda mai sunan wanda ya yi da garinsu. In za a yi wa baƙo kyauta, maimakon agogon bango mai hoton shugaba, a ba shi abin da aka saƙa ko aka ƙera a ƙasar, da sunan mai shi a ɗinke a ciki. Takardar da Clapperton ya gani ce za a maido, sai dai a sauya sunan da ke kanta. Mun san ba ku ne ke sa hannu a kasafi ba tukuna, amma ku ne ke rubuta takardar da mai sa hannun ke karantawa.

Saura namu, mu ɗalibai. Ba mu da kuɗi, amma muna da biro da waya mai ɗaukar hoto da murya, muna kuma da abin da baƙon mai bincike ba shi da shi, watau in mun yi sallama a zaure an san ɗan gidan wa ke magana. Shawararmu ga ƙungiyoyin ɗalibai na Rano da Kibiya da Bunkure ita ce a raba mazaɓu a hutu mai zuwa, mutum biyu ko uku kowace mazaɓa, daga Madachi da Rurum da Saji har Tarai da Durba. A fara da gaida dagaci a nemi izini. 'Yan'uwanmu mata su shiga cikin gida wajen masu kaɗi da masu saƙar faifai da ɗinkin hula, inda namiji ba zai shiga ba. A ƙirga ramukan marina, masu rai da matattu, a auna inda suke kafin a gina a kansu. Abin da aka tara a yi shi kofi uku, ɗaya a ɗakin karatu na jami'a, ɗaya a fadar Rano, ɗaya a kai Gidan Makama.

Takardar tambayoyin ba za ta wuce shafi guda ba. Sunan mai sana'a da garinsu. Wa ya koya masa, wa kuma ya koya wa wancan. Sunayen kayan aikinsa da na kowane zane, yadda shi yake faɗarsu da bakinsa. Wane basarake ya taɓa yi wa aiki, a wace Salla. Tambaya ta ƙarshe, wadda za a yi ta a hankali don takan sa dattijo ya yi shiru, ita ce ko akwai wanda yake koya wa yanzu.